Amsa ga ɗan'uwan da aka gayyata wurin bautar Dakshineswar

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tun jiya na ga tambayarka, ka ce kana karatu a Kolkata ta ƙasar Indiya, abokan ajinku 'yan Hindu sun gayyace ka Dakshineswar, kana so ka san me ake yi a wurin kuma ko za a bar Musulmi ya shiga. To ni shekara uku na yi a garin, sau biyu na je wurin. Hukuncin zuwa dai na malamai ne, ka tambayi malaminka, ni abin da idona ya gani zan ba ka.

Shiga kam za ka shiga, babu wanda ya tambaye ni addinina a ƙofa. Wurin yana arewacin gari, a gabar gabas ta kogin Hooghly, wanda reshe ne na kogin Ganga, su mutanen wurin ma Ganga kawai suke ce masa. Jirgin ƙasan metro yana kaiwa har can, daga tasha sai ka bi wata doguwar gadar ƙafa ta sama ta sauke ka kusa da ƙofa. Takalmi da waya da jaka duk a waje ake ajiyewa, a ba ka lamba, don haka cire ran ɗaukar hoto a ciki, kuma in lokacin zafi ne ka je da sassafe don daɓen tsakar wurin yana ƙona ƙafa sosai wallahi.

Wata attajira ce mai suna Rani Rashmoni ta gina shi, aka buɗe a 1855. Babban ginin mai hasumiya tara na Kali ne, abar bautarsu, su suna ce mata Ma, wato uwa, sai ƙananan ɗakuna goma sha biyu na Shiba da suka yi sahu a bakin ruwa, sai na Radha da Krishna a gefe, su ma duk ababen bautarsu ne. A nan Ramakrishna, wani shahararren malamin addininsu, ya yi limancinsu, ɗakin da ya zauna yana nan har yau mutane na shiga su zauna shiru.

Abin da ya fi tsaya min a rai, wanda duk kallon fim ɗin Indiya da muka yi muna yara bai nuna mana ba, shi ne yadda suke tafiyar da bautar kamar hidimar mutum mai rai. Da asuba tun duhu za a tashe ta, wato ita Kali, da ƙararrawa da fitila, a yi mata wanka, a canja mata tufafi, a rataya mata furanni, da rana a kai mata dafaffen abinci, sannan a rufe ƙofa na wasu awanni wai tana hutawa, da yamma a sake buɗewa, da dare a kwantar da ita. Kullum ta Allah haka, ba fashi. Zuwana na farko da azahar na isa, na tarar an rufe, sai zaman jira na yi a bakin kogi, kuma a wannan zaman ne ma na fi ganin abu. Matakala ce ta sauka har cikin ruwa, tsofaffi da mata da yara suna nutso da kayansu a jiki, wasu na ɗibar ruwan a 'yar buta su je su zuba kan dutsen da suke bauta wa a matsayin Shiba. Na ga wata tsohuwa da ko miƙewa ba ta iya yi sosai, jikanta na riƙe da ita, tana hawaye tana motsa baki. Ni Musulmi ne, aƙidata ba ta motsa ba ko kaɗan, sai ma ƙara godiya da na yi ga Allah, amma tun daga ranar na daina yi wa mutanen nan kallon 'yan wasa, da gaske suke yi har zuciyarsu.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Kafin ƙofa masu shaguna za su yi ta miƙo maka ɗan kwando da alawa da turaren wuta da wani jan fure dangin zoɓo, wannan hadaya ce, kada ka karɓa. Dogon layin da za ka gani, musamman Talata da Asabar da Lahadi, na masu kai hadayar ne gaban gunkin, ba dole ka shiga ba, daga tsakar gida kana ganin komai. In an idar abokanka za su kawo maka alawar da aka riga aka miƙa, sunanta prasad, wani kuma zai so ya ɗiga maka jan abu a goshi. Ba da mugunta suke yi ba, karamci ne a wurinsu. Shi ya sa tun a hostal ka zaunar da su ka ce zan raka ku in gani, amma ba zan rusuna ba, ba zan ci ba, ba za a shafa min komai ba. Ni haka na yi a zuwa na biyu, kuma abokina da kansa ya riƙa tare min mutane. A zuwan farko da ban yi ba, sai da na ga fuskar mahaifiyar abokina ta canja lokacin da na janye hannuna, abin ya dame ni kwanaki.

Bautar yamma, arati, ita ce mai taro. Limamin yana juya fitila mai harsuna da yawa a gaban gunkin, ana kaɗa ƙararrawa da kuge da ganga, ana busa wani babban ƙoƙon dodon koɗi na teku, ƙamshin kafur da turare ya cika ko'ina, ƙarar har a ƙirji kake jin ta. Bayan nan a zagaya da fitilar kowa ya ɗora tafin hannu kan wutar ya shafa a kai, nan ma sai ka ja baya kawai. Sai dai ka lura bayan faɗuwar rana ake yi, wato magariba za ta iya samun ka a can, kuma a Kolkata da sanyi wajen ƙarfe biyar rana ta faɗi, don haka ka tsara inda za ka yi sallarka tun kafin ka fito, ka zo da alwala.

In lokaci ya rage ku hau kwale-kwale mai inji ku tsallaka Belur Math, cibiyar da Vivekananda, almajirin Ramakrishna, ya kafa a ɗaya gabar, kuɗin ba yawa, kuma daga tsakiyar ruwa ne za ka ga ginin gaba ɗayansa da ɗakuna sha biyun nan a jere. Ka riƙe ruwan sha na gora da canji a aljihu.