Hukuncin kayan da aka tsinta a bola da wuraren tara kayan jari bola

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Sana'ata jari bola, ina zagaya juji ina tsintar ƙarafa da robobi da kayan lantarki, wanda ya gyaru in gyara in sayar, saura in kai sikeli. Wani ya ce mini duk abin da na ɗauka tsintuwa ce, sai na yi cigiyarsa shekara guda, in ba haka ba haram nake ci. Kuma ƙanina yana aiki a wani fili da ake tara waɗannan kaya, yakan zo gida da fanka ko rediyo daga cikin abin da aka sauke. Mene ne hukuncinmu ni da shi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, sana'arka halal ce a asalinta, kuma wanda ya gaya maka wancan magana ya cakuɗa abubuwa biyu da malamai suka raba. Tsintuwa, wato luƙaɗa, Shehu Halilu ya siffanta ta a Mukhtasar da cewa dukiya ce mai alfarma wadda ta kama hanyar tozarta. Ke nan ta kuɓuce wa mai ita ne, zuciyarsa na tare da ita. A kanta hadisin Zaidu bin Khalid Aljuhani ya zo a Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim, inda Annabi (SAW) ya ce a lura da jakarta da maɗaurinta, sannan a yi cigiyarta shekara. Abin da mutum ya ɗauka da hannunsa ya kai juji kuwa, ya riga ya cire ransa a kai. Malamanmu na Malikiyya sun rataya irin wannan a kan niyyar mai abu: wanda ya bar kayansa da nufin zai dawo, nasa ne, wanda ya bar shi don duk mai so ya ɗauka, ya zama na wanda ya ɗauka. Zubarwa a bola, a al'adar mutane duka, tana nufin na biyun. Don haka tsohon bokiti da karyayyar kujera da gwangwani sun zama naka daga lokacin da ka sa hannu, babu cigiya, babu jiran kowa.

Ba halacci kaɗai ba, akwai lada a ciki idan niyya ta gyaru. Annabi (SAW) ya wuce mushen wata akuya da aka yi wa 'yantacciyar baiwar Nana Maimuna sadaka da ita, ya ce me ya hana su ɗauki fatarta su jeme su amfana da ita. Hadisin yana cikin Muslim. Ya kuma gaya mana Allah yana ƙin tozarta dukiya. Kuma ya ce mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa alheri a kan roƙon mutane. Masu raina mai tura kura yana bin juji su ji tsoron Allah.

Sai dai ka riƙe wannan da kyau: ba wurin ne yake halatta kaya ba, sakin mai kayan ne. Akwai abin da za ka samu a tsakiyar shara wanda hankali ya san ba da gangan aka zubar ba: kuɗi a aljihun tsohuwar riga ko cikin katifa, ɗan kunnen zinari da ya bi tsintsiya, waya mai aiki, takardar fili, katin banki, fasfo. Duk wannan tsintuwa ce. Malamai sun kasa ta uku. Abin da ba a damuwa da shi, kamar 'yan canjin da mai su ba zai waiwaya ba, ka amfana da shi, dalili kuwa Annabi (SAW) ya ga dabino a hanya ya ce ba don tsoron na sadaka ne ba da ya ci. Abu matsakaici, wanda Shehu Dardir, malamin Malikiyya, ya buga wa misali da guga da dinari ɗaya, a yi cigiyarsa 'yan kwanakin da ake zaton mai shi zai nema. Abu mai daraja sosai, shekara cur. Cigiyar a yi ta inda ake tsammanin mai abu: unguwar da sharar ta fito, gidan mai unguwa, ƙofar masallaci daga waje, gidan rediyo. Ka yi cigiyar a dunƙule, kar ka faɗi adadi ko kamanni, don mai shi na gaskiya ya siffanta. Bayan wa'adi kana da zaɓi: ka ajiye, ko ka yi sadaka da shi a madadinsa, ko ka mallaka, amma a biyun ƙarshe idan ya bayyana kai ne da lamuni. Idan kuwa ka san gidan da sharar ta fito, ko suna yana jikin takarda, babu batun cigiya, mayarwa ce kai tsaye. Waya ko kwamfutar da ka samu, ko da an zubar da ita da gangan, hotuna da saƙonnin ciki ba naka ba ne. Ka goge su ba tare da bincike ba, domin Allah ya hana bibiyar asirin mutane a Suratul Hujurati.

Haka nan abin da aka ajiye a bakin ƙofa ko bayan gida. Tukunyar da aka kife a rana, rodin da aka jibge gefen gini, tsohuwar mota da ta shekara a layi, duk suna da masu su. Tsufan abu ba ya nuna an sake shi. A nan ne da yawa daga masu sana'ar suke zamewa har sunan kowa ya ɓaci. In ka yi shakka ka yi sallama ka tambaya, ko ka saya. Murfin kwalbati, wayar lantarki, ƙarfen layin dogo, kayan transfoma, allon hanya, waɗannan dukiyar al'umma ce. Cire su sata ce, sayensu ma haram ne ga dilan da ya sani ko ya yi zato mai ƙarfi, domin taimako ne a kan zunubi. Sayen kayan sata ba ya mayar da shi mallakar mai saye, mai shi yana da haƙƙin karɓar abinsa. Ramin da aka bari a buɗe kuma, duk wanda ya faɗa ciki akwai alhakinsa a wuyan wanda ya cire murfin.

Sai batun ƙaninka, kuma nasa ya bambanta da naka. Kayan da suka shiga filin dila ko kamfanin sake sarrafa shara sun riga sun sami mai su, domin an saye su a kan sikeli ko an kawo su da sunan wurin. Shi ma'aikaci ne, amana aka ba shi. Fankar da ya ɗauka ko da ta lalace tana da jan ƙarfe a naɗe a cikinta, kuma shi ne ribar mai filin. Dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Idan mai wurin ya ba da izini da baki, ko ya san ma'aikata suna ɗaukar irin wannan a gabansa bai hana ba, babu laifi gwargwadon abin da aka saba. Idan kuwa sai an faki ido ake fitar da shi, wannan ɓoyewar ta isa shaida. Ya je ya faɗa, ya mayar ko ya biya kuɗin nauyinsa ko a yafe masa. Hanya mafi sauƙi nan gaba ita ce ya ware abin da yake so, a auna, a cire a ladansa.

Idan hukuma ta hana sana'ar a wani wuri saboda maslaha, bin ta wajibi ne. Gwamnatin Jihar Borno ta hana tonon ƙarafa a 2023 saboda rayukan da ake rasawa a daji da ɓarnar kayan gwamnati, hukumar Abuja ma ta hana 'yan baban bola yawo cikin birni a farkon 2025 bayan sace murafen hanya. Wanda yake can ya tsaya inda aka yarje masa.

Mallakar abu daban, halaccin sayar da shi ga kowane amfani daban. Ƙa'idar ita ce kada a cutu kuma kada a cutar. Jarka ko durom da aka zuba maganin feshi ko wani sinadari, roba tana shan sa, wanki ba ya fitar da shi duka. Haram ne ka sayar wa mai zuba ruwan sha ko man gyaɗa, ka huda ta ka kai sikeli. Sharar asibiti, sirinji da allura da robar ƙarin ruwa, ba a sayar da su don a sake amfani, suna ɗauke da ciwon hanta da ƙanjamau. Magani da abincin gwangwani da wa'adinsu ya wuce, haka. Na'urar asibiti da ba ka san ta ba kar ka fasa: a garin Goiania na Brazil a 1987 masu tsintar ƙarfe sun ɗauko wata na'urar gashin ciwon daji daga asibitin da aka ƙaurace wa, aka fasa ta, mutum 4 suka mutu, ɗaruruwa suka gurɓata. Batirin mota kuma ba a fasa shi ko a narka dalmarsa a cikin gida. Mun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Can daga dutsen zinari ta fito, amma gubar ɗaya ce, ƙurarta ce take shiga cikin yaro ta hannu da abinci. Saboda haka kar a haɗa dalmar batir da sanholon da maƙera za su zuba tukunya da shi. Ƙona waya a cikin unguwa don a fitar da jan ƙarfe cutar da maƙwabta ne, a feƙe robar da wuƙa. Kwalaben turare da na magani masu tambarin kamfani, idan ka san mai saye jabu zai ɗura a ciki, sayar masa haram ne, daidai da sayar da inabi ga mai matsa giya.

Wajen ciniki ka bayyana. Fankar da ka sake wa naɗi ka ce gyara ce, kar ka shafa mata fenti ka kira ta 'yar kwatano. Jiƙa kwali da ruwa, ɗura yashi a bututu ko a kwamfuresa, cusa baƙin ƙarfe a tsakiyar jan ƙarfe, duk algus ne, kuma Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya tare da mu. Dilan da ya taɓa sikelinsa shi ma Suratul Muɗaffifina tana kansa.

Game da tsarki, asalin abubuwa tsarki ne, amma bola matattarar najasa ce, don haka tufa ko darduma da ka ɗauko a wanke kafin a yi salla da ita. Ka wanke da sabulu yadda kake so, amma ɗauraya ta ƙarshe ta zama da ruwa zalla, har ruwan ya fita babu launin najasa ko ɗanɗanonta ko warinta. Ƙarfe da tangaran da gilashi suna tsarkaka da wanki. Tukunyar ƙasa da najasa mai ruwa ta daɗe a cikinta har ta ratsa, a mazhabarmu ba ta tsarkaka, a yi shuka a cikinta. Tufa mai najasa ya halatta a sayar matuƙar an gaya wa mai saye. Kai kanka ka ajiye tufafin salla daban a leda, kar aiki ya sa ka haɗa Azahar da La'asar a kan cewa jikinka ba tsarki. Ka sa safar hannu mai kauri da takalmi rufaffe, in tsohon ƙarfe ya soke ka ka wanke wurin ka je asibiti a ranar, domin kare jiki wajibi ne.

Za ka riƙa cin karo da yagaggun shafukan Alƙur'ani da alluna da littattafan Islamiyya. Idan ka gan su cikin ƙazanta, tsame su ya zama wajibi a kanka. Kar ka haɗa su da takardun da ake sayar wa masu ƙosai da tsire. Wanda yake karantuwa ka goge shi ka kai masallaci ko makaranta. Wanda ya lalace ka ƙona shi a wuri mai tsarki har ya zama toka, kamar yadda Sayyidina Usman ya sa aka yi da sauran mushafai, ko ka binne shi inda ba a takawa.

Allah ne mafi sani.