Yadda Muke Raɗa Suna a Ƙasar Danmak

Kawu, ka tambaye ni ko gaskiya ne hukuma ce ke zaɓa wa jarirai suna a Danmak, kuma ko 'ya'yanmu sun koma amsa sunayen Turawa. Abin bai kai haka ba, amma zancen yana da tushe. Dokar suna da ta fara aiki a 2006 ta ba iyaye wata shida su yi wa sunan jariri rajista, kuma akwai dogon jerin sunayen da aka amince da su, Muhammad da Fatima da Aisha duk suna ciki. Wanda ya zaɓi sunan da ba ya cikin jerin sai ya nemi izini.

Sunayen mutanen Danmak kuwa sai da na shekara da yawa a cikinsu kafin na gane cewa wasu 'yan uwan namu ne. Jens, wanda ya cika ƙasar, daga Johannes ya fito, wato Yahaya ke nan, kuma ɗafin "sen" da ke ƙarshen Jensen da Nielsen da Hansen ma'anarsa "ɗan wane", kamar yadda muke cewa ɗan Fodiyo. Mette gajarcewar Margrethe ce, ma'anarta lu'ulu'u. Frederik, sunan sarkin da ya hau gadon sarauta a Janairun 2024, yana nufin mai mulki cikin zaman lafiya. Waɗanda muke kauce wa su ne na zamanin maguzancinsu, irin su Thor, gunkin tsawa, da Freja, wadda kakanninsu suka bauta wa, ko da yake maƙwabtanmu daɗin sunan kawai suke ji yau.

Saboda haka yawancinmu muna neman sunan da zai zauna a bakin kakar yaro, ya kuma zauna a bakin malamarsa: Adamu da Adam, Saratu da Sara, Nuhu da Noah. A ganina wannan tausayi ne ga yaron da zai riƙa faɗin sunansa kullum a makaranta.

Ranar bakwai kuma ba mu taɓa sake ta ba. Da aka haifi autanmu, liman ya zo falonmu da hantsi ya raɗa masa Ilyasu, aka yi masa aski, aka raba dabino da goron da muka samo a shagon 'yan Afirka, ragon kuwa kai da kanka ka yanka mana shi a Kano. A takardarsa Elias aka rubuta, amma a gida Ilyasu yake amsawa.