Ma'aikaciyar jinya da batun shaye-shaye a rediyo

'Yar'uwa, kin ce ke nas ce a nan Kano, kina son shiga rediyo da Facebook ki yi magana kan rage illar shaye-shaye, amma kina tsoron a ce ɗaure wa masu sha gindi kike yi.

Za a faɗa kuwa, musamman in kin buɗe baki da batun raba wa masu yi wa kansu allurar ƙwaya allura mai tsabta ko sauya doka. Fara da abin da kike gani a bakin aiki: matashin da tiramol ya jefa cikin jijjiga, ko wanda numfashinsa ya yi ƙasa sai da aka yi masa allurar naloxone, mai karya ƙarfin ƙwayoyi irin su kodin a jiki. Iyaye sun san wannan ciwon. Binciken UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya, gidan yari ba zai ɗauke su ba. A shekarar ce aka hana maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC, amma hanin bai warkar da wanda ya riga ya kamu ba. Nan hujjarki take: doka ta tafi tare da magani.

Kada ki saka hoton majiyyaci ko labarin da za a gane shi. A cikin gari kowa ya san kowa, kuma lasisinki na iya tafiya. Sunan asibitinku ma sai da izini.

In mai kira ya ce yana son dainawa, kada ki rubuta masa magani ta waya. Tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Ranar da za a taɓo batun doka a shirin, gayyato lauya ko jami'in NDLEA ku zauna tare.