Farfesan da ke duba kundina ba shi da lokaci, ko in nemi wani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina shekara ta biyu a karatun digiri na uku a nan Zariya, ga aure, ga 'ya'ya uku, ga aikin koyarwa. Babi na biyu na kundina ya yi wata huɗu a hannun Farfesan da ke duba aikina. Mutumin kirki ne, ɗalibai ne suka yi masa yawa. Wata ƙawata ta ce in samu wani ya riƙa duba mini, ni kuma ina tsoron kada ya ji ya ɗauka raini ne. Yaya zan yi? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah ya sa albarka a karatun, ya raya zuri'a.

Ƙawarki ta faɗi gaskiya, ki nema. Sai dai Farfesa yana nan a matsayinsa, shi zai sa hannu a kundin, shi zai zauna a gefenki ranar da mai jarrabawa na waje ya zo. Wanda kike buƙata ƙari a kansa shi ne ɗalibi ko ɗalibar da ta riga ki da shekara ɗaya ko biyu, wadda ƙurar hanyar ba ta gama barin ƙafarta ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Dubi tsangaya. Alaramma ba ya zama ya biya wa kowane kolo allonsa. Gardi ne yake biya wa kolo da titibiri, ya saurari tilawarsu, ya gyara musu rubutu kafin allo ya kai gaban Malam. Haka a zaurukan ilimi na cikin birnin Zariya, irin na Unguwar Juma da Kona: in an tashi daga karatu, almajiran da ke littafi ɗaya sukan koma gefe su yi bita a tsakaninsu. Ba wanda ya taɓa kiran haka raina malami. Hasali ma malamin da ya ga almajiransa suna haka hankalinsa kwanciya yake yi.

A boko ma haka abin ya taso. Marigayi Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya jagoranci Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello tun kafuwarta a 1962, kuma ya assasa Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi, a Kaduna a 1970, ya yaye manazarta irin su marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, su kuma suka yaye na bayansu. Abin da aka san sashen da shi shi ne zaman gabatar da takardu, inda ɗalibi zai karanta aikinsa a gaban malamai da 'yan'uwansa, a yi masa tambayoyi ba sani ba sabo. Ilimin da aka samu a wurin bai fito daga bakin mutum ɗaya ba.

Bari in ba ki nawa labarin. Lokacin da nake nawa digirin, na rubuta shafi arba'in na bitar ayyukan magabata, ina ji da shi. Wani da ya riga ni da shekara biyu ya karɓa, muka zauna a kan benci ƙarƙashin dogonyaro, da sanyin hunturu. Ya karanta shafi uku kacal da jan biro a hannu, ya ɗago ya ce, "Na ji abin da wane ya ce, na ji abin da wane ya ce. Kai me ka ce?" Na yi shiru, don ba ni da amsa. Ya juya bayan takardar ya ce in rubuta tambayar bincikena a layi biyu. Sai da na yi sau biyar. Da a gaban malamina aka yi wannan, kunya ba za ta bar ni in sake ko sau biyu ba. Wannan shi ne amfanin na kusa da kai: za ka iya nuna masa jahilcinka ba tare da fargaba ba.

To yanzu ga abin yi. Ki fara da gida. A yawancin jami'o'inmu kwamiti ne ke duba ɗalibin digiri na uku, shugaba da mamba ɗaya ko biyu. Ɗalibai da yawa suna mantawa da sauran mambobin sai ranar sa hannu, alhali sau da dama su ne ƙananan malamai masu sauran lokaci. Ki je ki gaida Farfesa, ki ce, "Ranka ya daɗe, ko in kai wa Dakta babin ya fara dubawa kafin ka samu sarari?" Da wuya ya ƙi. Abin da ke ɓata ran malami shi ne ya ji labari a bakin wani, saboda haka kada ki ɓoye masa komai. Kuma in za ki miƙa aiki nan gaba, ki daina kai shafi sittin a dunƙule. Ki kai goma sha biyar, da 'yar takarda a sama mai ɗauke da tambayoyi biyu ko uku da kike so ya yanke miki hukunci a kansu. Mai tarin aiki ya fi saurin ɗaukar abin da zai gama kafin azahar.

Sannan ki haɗa 'yar ƙungiya, mutum uku zuwa biyar, kada ta wuce haka. Ba dole sai 'yan fanninku ba. Wanda ba ɗan fanni ba shi ya fi saurin gano inda bayani ya yi duhu. Ku tsayar da rana, a ce ranar Asabar bayan kowane mako biyu, a laburare ko wani buɗaɗɗen wuri a sashe, kuma maigida ya san da zaman. Kowa ya turo shafi biyar kwana uku kafin haɗuwa. Wanda bai turo ba ya zo ya saurara, amma ba a ɗaga zama dominsa. A nan za ki koyi abubuwan da ba a rubuta a ko'ina ba: fom ɗin da ake cikewa kafin semina, yadda ake tsara jerin littattafan da aka duba da manhajar Zotero maimakon bugawa da hannu, mujallar da ke karɓar kuɗi ta buga komai wadda ya kamata ki guje mata. In ranar kare kundi ta matso, su zauna a matsayin masu jarrabawa su yi miki tambayoyi masu zafi. A yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, na ga ɗaliban da irin wannan zama ne kaɗai ya hana su ajiye biro.

Akwai iyaka, kuma ina so ki riƙe ta da kyau. Mai taimaka miki zai karanta, ya yi tambaya, ya nuna inda hujja ta yi rauni. Ba zai rubuta miki ko sakin layi ɗaya ba. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya haɗa miki babi, ki rabu da shi. Ko manhajar gano satar rubutu irin Turnitin ba ta kama ba, tambaya ta biyu a ɗakin jarrabawa za ta tona. Haka nan kada zaman ya koma dandalin gulmar malamai, maganar da aka yi a harabar jami'a ta Samaru da safe kafin la'asar ta isa ta Kongo. In kuwa shawarar abokiyar karatu ta saɓa da ta Farfesa, ki kai masa ita a matsayin tambaya, ki bi abin da ya yanke.

Game da babin da ke hannunsa, kada ki zauna jira. Ki ci gaba da rubuta babi na uku. Ki tura masa gajeren saƙo cikin ladabi, ki nemi minti goma sha biyar a mako mai zuwa, ki tafi da wani kwafin a jaka ko da na farkon ya shige cikin takardu. In wata guda ya sake wucewa shiru, sai ki ga jami'in da ke kula da ɗaliban manyan digiri a sashenku, ki ce shawara kika zo nema, ki nuna masa ranar da kika miƙa babin.