Zan Koma Aiki, Me Zan Koya Wa Mai Raino?

Tambaya: Assalamu alaikum. Hutun haihuwata ya kusa ƙarewa, ɗana yana wata 5. Na samu wadda za ta riƙa zama da shi da rana. Me ya kamata in nuna mata kafin in bar mata shi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ranar da za ta fara ta zama ranar da za ki fita. Ta zo kwana 2 ko 3 kina gida, ta yi komai da hannunta kina kallo. Bayanin da aka yi a bakin ƙofa, jaka a kafaɗa, kafin azahar an manta rabinsa.

Ki fi tsayawa a kan barci. Jariri rigingine ake kwantar da shi, a katifa mai tauri, babu filo, babu bargo mai kauri. Masu raino da yawa kan kifa yaro rub da ciki don ya daɗe bai farka ba, alhali haɗarin mutuwar farat ɗaya cikin barci ya fi yawa ga jaririn da ya saba rigingine aka wayi gari aka kifa shi. Ki faɗa mata dalilin. Umarni zalla ba ya zama.

Nonon da kika tatsa yana kai awa 4 a ɗaki mai sanyi, kwana 4 a firji. A ɗumama shi ta hanyar tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi, a ɗiga a bayan hannu a ji. Madarar gwangwani kuwa, in ya fara sha, abin da ya rage bayan awa 1 zubarwa ake yi. Zuma sai ya cika shekara.

Idan ya shaƙe har ya kasa kuka ko tari, ta kifa shi a kan hannunta, kansa ya yi ƙasa da ƙirjinsa, ta buga tsakanin kafaɗunsa sau 5 da tafin hannu. In abin da ya shaƙe shi bai fito ba, ta juyo shi, ta danna tsakiyar ƙirji sau 5, ta maimaita tana kiran taimako. Ku gwada da 'yar tsana. Zura yatsa a lalubo abin da ba a gani ba tura shi ciki yake yi.

Ko na daƙiƙa kada ta bar shi a bahon wanka don ɗaga waya. Kuma ki ba ta izini a fili: in kuka ya ishe ta, ta ajiye shi a gadonsa ta kira ki. Jijjiga jariri da ƙarfi na iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa.

Sai takarda ɗaya a manne a bango: lambarki, ta mahaifinsa, ta wani na kusa, sunan asibitinku, abin da jikinsa ba ya so, da wanda aka yarda a miƙa masa yaron. Magani kuma, ko na zazzaɓi ne, ba ta bayarwa sai ta ji daga bakinki.