Ɗana Yana Minshari, Likita Ya Ce Sai An Leƙa Hancinsa da Kyamara

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, sannu da ƙoƙari. Ɗana shekararsa 5. Kusan shekara guda ke nan kullum bakinsa a buɗe, da dare yana minshari kamar babban mutum, wani lokaci numfashin ya ɗauke sai ya zabura. Malamarsa ta ce sai ta kira shi sau biyu ko uku kafin ya waiwayo. An yi masa hoton eksire, wani likita ya ce naman bayan hancinsa ne ya girma, wani kuma ya duba hoton nan dai ya ce bai kai a damu ba. Yanzu likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya ce zai zura masa bututu mai kyamara ta hanci, kuma ba za a sa shi barci ba. Wallahi hankalina ya tashi. Babansa ya ce tunda an riga an yi hoto, mene ne na wahalar da yaro? Daga wata uwa mai karanta wannan shafi.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah Ya ba yaro lafiya. Ki bari a yi. Ki kuma miƙa wa babansa wannan shafi ya karanta, domin tambayarsa tana kan hanya, kuma ita zan fi tsayawa a kai.

Naman da ake magana sunansa adinoid, kuma kowane yaro yana da shi. Yana can ƙuryar hanci, sama da belu, daidai inda iskar da aka shaƙa take lanƙwasawa ta gangara maƙogwaro. Ɗan'uwan tonsil ne, waɗannan guda biyun da ake hangowa a gefen maƙogwaro idan yaro ya wangale baki, kuma aikinsu ɗaya, wato taimaka wa garkuwar jiki wajen tare ƙwayoyin cuta. Yakan fi girma tsakanin shekara 3 zuwa 7, daga nan ya fara janyewa, kafin yaro ya gama balaga galibi ya kusa ɓacewa. Ɗanki yana tsakiyar wannan lokaci.

Wahalar adinoid ita ce ba ya ganuwa. Ko na danne harshen yaro na haska tocila har hannuna ya gaji, tonsil zan gani, adinoid yana ɓoye a sama. Likitan da ya fara bayyana wannan matsala dalla-dalla, Wilhelm Meyer na ƙasar Danmak, a shekarar 1868, da yatsa yake laluben naman ta cikin baki. Akwai kuma ɗan ƙaramin madubi da ake kaiwa bayan harshe, amma yaro ɗan shekara 5 kakarin amai zai yi ta yi kafin a ga wani abu. Shi ya sa aka daɗe ana dogaro da eksire.

To ga abin da ya sa likitoci biyu suka saɓa a kan hoto ɗaya. Eksire inuwar naman yake nunawa daga gefe guda, a cikin ƙiftawar ido guda. Ana auna kaurin inuwar a kwatanta da faɗin hanyar iskar, idan ya haura kashi 80 cikin 100 a ce ya girma. Amma idan yaro yana kuka lokacin da aka ɗauka, ko yana haɗiyar yawu, ko ya ɗan karkata kai, hanyar iskar za ta fito ta fi yadda take ƙunci ko faɗi. Ba na raina eksire, inda babu kyamara yana da amfani ƙwarai, kuma ina karanta shi kullum. Sai dai idan har za a kai ga maganar yi wa yaro aiki, na fi son in ga naman da idona.

Bari in faɗa miki yadda abin yake a ɗakin dubawa, don na san tsoron daga nan ya taso. Bututun siriri ne mai lanƙwasuwa, na yara kaurinsa bai wuce milimita 3 ko kusa da haka ba, da ɗan haske a bakinsa. Ke za ki zauna, ki ɗora yaron a cinyarki yana fuskantata, ki harɗe ƙafafunsa a tsakanin naki, ki rungume hannuwansa, nas ta riƙe masa kai. Sau da yawa mukan fara fesa magani a hancin wanda zai rage kumburi ya kuma kashe jin wurin. Maganin yana da ɗaci idan ya gangara maƙogwaro, yara da dama shi suka fi ƙi a kan bututun kansa. Ni kafin in fara nakan ɗora bakin bututun a bayan hannun yaron, ya ga hasken a fatarsa, ya kalli allo ya ga yatsansa ya zama ƙato. Daga nan in bi ƙasan hancin a hankali. Idanunsa za su kawo ruwa, zai yi atishawa, yana iya yin kuka sosai. Ba zan ce miki abin daɗi ne ba. Amma dubawar kanta ba ta cika wuce minti ɗaya zuwa biyu ba, kuma yana numfashi lafiya daga farko har ƙarshe, don bututun bai isa ya toshe hanci ba. Jefi-jefi akan samu ɗan haɓo kaɗan wanda ke tsayawa da kansa. Idan an fesa maganin kashe jin, kada ya ci ko ya sha komai sai jin maƙogwaronsa ya dawo, don gudun ƙwarewa; ki tambayi likitan tsawon lokacin.

Rashin sa shi barci da ya tayar miki da hankali, alheri ne a gare shi. Maganin barci yana da nasa haɗarin, musamman ga yaron da numfashinsa ke ɗaukewa da dare, kuma ba a ɗaukar wannan nauyi don duban minti biyu. Sannan idan yana farke ina ganin wurin yana aiki: in ce ya ja iska ta hanci, in ce ya faɗi wata kalma, in ga yadda bayan ganɗarsa ke ɗagawa yana rufe hanyar. Wannan yana da muhimmanci, don akwai yaran da ganɗarsu ba ta rufewa da kyau, idan aka cire musu adinoid gaba ɗaya iska ta riƙa tsere musu ta hanci idan suna magana.

A allon, ƙofar bayan hanci tana fitowa kamar bakin ƙofa mai baka, adinoid ɗin yana saukowa daga sama, jajaja-jajaja, da tsaga-tsaga a jikinsa, wani lokaci majina ta lulluɓe shi. Yawancinmu muna kasa shi mataki 4. Na farko ya cinye har zuwa kashi 25 cikin 100 na ƙofar, na biyu har zuwa 50, na uku har zuwa 75, na huɗu ya haura haka, wani ma sai ɗan tsagi kawai ya rage a ƙasa inda iska ke kutsawa. Ki roƙi likitan ya juyo miki allon ki gani. Na sha ganin uwa ta yi shiru tana kallon wannan ɗan tsagi, sannan ta ce, "Ashe ta nan yake numfashi duk daren nan."

Akwai kuma abin da eksire ba zai taɓa faɗa mini ba. Wata rana an kawo mini yarinya 'yar shekara 4 da hoton da ya nuna adinoid mai girma, iyayen sun riga sun shirya wa aiki. Da na tambaya sai uwar ta ce majinar ta hanci ɗaya take fita, kuma tana wari. Na zura kyamara, ga guntun soso a maƙale. Aka cire, toshewar ta tafi. Haka kuma kyamara kan nuna cewa alaji, wato jiki ya ƙi jituwa da wani abu kamar ƙura, shi ne ya kumbura cikin hancin, ko ƙashin da ya raba hanci biyu ne ya karkace. Cire adinoid ba zai warkar da waɗannan ba.

Maganar malamarsa ta fi tsaya mini a rai. A gefen adinoid, dama da hagu, akwai bakin wata 'yar hanya da ta haɗa bayan hanci da tsakiyar kunne, ita ke kai wa kunne iska. Idan naman ya girma ko yana yawan ɗaukar ƙwayoyin cuta, ruwa mai kauri kan taru a bayan dodon kunne. Ba ya ciwo, shi ya sa iyaye ba sa lura, sai dai a ce yaro ya cika taurin kai ko ba ya mai da hankali, alhali ji ne ba ya yi sosai. Yaron da ke koyon karatu a wannan shekarun, watanni na rashin ji asara ce babba. Ki nemi a duba dodon kunnensa a kuma gwada jinsa, in da hali a ranar.

Kafin ranar, ki ɗauki bidiyonsa da wayarki yana barci, na minti biyu ko uku, ƙirjinsa a buɗe, a ji sautin. Girman da na gani a allo rabin labari ne. Sauran yana cikin darensa: sau nawa numfashin ke ɗaukewa, ko ƙirjinsa na lotsawa ciki, ko yana jiƙa matashi da gumi da yawu, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina. Idan mura mai ƙarfi ta kama shi, ki sanar da asibitin, wataƙila su ɗaga ranar, don mura na ƙara kumbura naman. Kuma don Allah kada ki ce masa ba abin da za a yi masa. Ki ce za a leƙa hancinsa da 'yar fitila, zai ji wani iri, ke ce za ki riƙe shi, kuma ba za a daɗe ba.

Dubawar ba tana nufin lalle sai an yi aiki ba. Idan toshewar matsakaiciya ce, mukan fara da wanke hanci da ruwan gishiri na asibiti da maganin feshi na sitiroyid, mai rage kumburi, na wasu makonni, yara da yawa suna samun sauƙi. Idan ƙofar ta kusa rufewa kuma numfashi na ɗaukewa, cirewa ce ta fi, ta cikin baki ake yi, ba yanka a waje, sau da yawa tare da tonsil idan su ma sun girma. Yadda kika kwatanta ɗanki, ba na son a ce a jira ya girma ya daina. Shekaru na numfashi ta baki suna iya tsawaita fuska su turo haƙoran sama, rashin isasshen barci yana taɓa girma da karatu, kuma idan abin ya tsananta ya daɗe yana iya wahalar da zuciya.

Idan kafin ranar kika ga leɓɓansa sun sauya launi cikin barci, ko numfashin ya ɗauke har sai kin girgiza shi, ko da safe ya kasa farkawa sosai, ki kai shi asibiti a wannan lokacin, kada ki jira ranar da aka ba ku.