Tambayi Gwaggo: Yaya ya ce a cire ƙwallo daga tarihin Inna

Tambaya: Assalamu alaikum, Gwaggo. Daga Garwa ta ƙasar Kamaru nake rubuto miki. A watan jiya Allah ya karɓi ran Innarmu. Malamar firamare ce, ta yi sama da shekara 30 tana riƙe da alli, daga Pitowa har nan cikin gari. Tun tana budurwa take buga ƙwallon hannu, da ta zama malama kuma ita ke horar da 'yan mata, ta raka su wasannin makarantu na FENASSCO. Ta bar mu mu shida da jikoki.

Na rubuta ɗan tarihinta don a karanta ranar sadakar arba'in, a kuma tura wa danginmu na Yola da Injamena. Yaya Babba ya duba, ya ce in cire duk inda aka ambaci ƙwallo, wai Hajiya ce, da carbi da azumin Litinin da Alhamis aka san ta, kada mu jawo a yi da ita. Ga kuma wani hoto da muka tarar a ƙasan akwatinta tare da usur da lambar yabo, tana tsakiyar fili da kayan wasa. Ya ce a ƙona shi. 'Yata mai shekara 12 ta ɗauke ta ɓoye, ta ce ko za a yanka ta ba za ta bayar ba. Ba na son saɓa wa yayana, amma raina bai kwanta ba. Ina mafita?
'Yarki daga Garwa

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan Malama, ya haskaka kabarinta, ya ba ku haƙurin rashinta.

Kada ki riƙe yayanki a zuci. Kishin uwarsa ne ke cin sa, kuma mai makoki yakan kama abin da hannunsa ya kai. Sai dai ya haɗa abu biyu wuri ɗaya, hoton da labarin, alhali hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

A kan hoton, Malama da kanta ta riga ta yanke muku hukunci. Shekara da shekaru yana hannunta. Ba ta rataye shi a falo ba, ba ta kuma jefa shi a murhu ba. Ta adana shi a ƙasan akwati, inda mace ke ajiye abin da take ji da shi. To ku yi yadda ta yi. Kada ya hau WhatsApp ko Facebook, don abin da ya shiga waya ya fita daga hannunku har abada, a nan kam yayanki na da gaskiya. Amma ba a ƙona shi. Ya zauna a hannun 'ya'yanta mata, jikoki su gani a cikin ɗaki. Ita kuma yarinyar nan a daina tsorata ta, kakarta take nema a cikin takardar.

Labarin ƙwallo kuwa, ban yarda a cire ko harafi ɗaya ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa Nana A'isha ta yi tseren gudu da Manzon Allah (SAW) ta wuce shi, bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake, shi kuma ya wuce ta, ya ce mata wannan a madadin waccan. Ita da bakinta ta ba da labarin, malamai suka rubuta, muna karantawa har yau. Wace ce ta kai ta kunya da tsare mutunci?

Ni a Marwa na tashi, na kuma san abin da irin su Malama suka sha. Malamar ajinmu, idan yarinya ta kwana biyu ba ta zo ba, da la'asar za ka gan ta a ƙofar gidan da jakar littattafai a hammata, ta durƙusa a zaure tana roƙon uban yarinyar da Fillanci ko da Hausa, bayan ta yini tana koyar da Faransanci ga aji mai cike maƙil. Wasu iyayen su saurare ta, wasu su bar ta a durƙushe. Kuma na ga 'yan matan da ba abin da ya riƙe su a makaranta sai filin ƙwallon nan na ƙasa mai ƙura: suna son a zaɓe su cikin masu bugawa, malama kuma ta kafa sharaɗin cewa wadda ba ta zuwa aji ba ta taɓa ƙwallo. Da usur ɗin nan da kuka tarar, Allah kaɗai ya san yara nawa ta ja har suka kai CM2, ajin ƙarshe na firamare. Da Françoise Mbango ta ciyo wa Kamaru zinare a gasar Olamfik ta Atina a 2004, ta sake ciyowa a Beijin a 2008 da tsallen mita 15.39, duk ƙasar nan murna aka yi, har da masu cewa wasa ba na mata ba ne. Malaman da ke tsayawa cikin rana suna koya wa yara gudu da tsalle kuwa ba mai ambatonsu. Idan 'ya'yansu ma suka share wannan daga tarihinsu, wa zai faɗa?

Amma ki bi a hankali. Babban wa magajin uba ne, kada ki yi musu da shi a gaban matarsa ko ƙannenku. Ki nemi kawunku, ko wata aminiyar Inna da yake jin nauyinta, a zauna ku uku. Ki karanta masa abin da kika rubuta, ki bar carbin da azumin a inda suke, don su ma nata ne. Ki ba shi dama ya gyara lafazin da ya yi masa nauyi. Zai fi masa sauƙi ya ji "ta horar da 'yan mata har suka wakilci makarantarsu" a bakin dattijuwar da ta san lokacin.

Sannan kada tunawar ta ƙare ranar arba'in da shinkafa da goro. Hadisin Muslim ya ce idan mutum ya mutu aikinsa ya yanke sai uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ilimin ta riga ta shuka. Saura biyun suna wuyanku.

Ga abin da zan so ku yi. Ku je makarantar da ta yi aiki a ƙarshe, ku tambayi shugaban makarantar 'yan mata nawa ne a CM2 ba su da takardar haihuwa. Wannan ciwo ne da ya daɗe a arewacin ƙasar nan: yarinya ta yi shekara shida tana karatu, lokacin jarrabawar kammala firamare ta CEP ya zo a ce babu takarda, kuma idan wa'adin rajistar haihuwa ya wuce sai an bi ta kotu, iyaye talakawa su ga abin ya fi ƙarfinsu su zaunar da ita. Ku shida ku haɗa kuɗi, ko yara biyu ne ku fitar musu kowace shekara da niyyar ladan ya kai mata. Idan Allah ya hore, ku duba ruwa. Sa'adu ɗan Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Annabi (SAW) wace sadaka ce ta fi, aka ce masa ruwa, ya haƙa rijiya saboda ita. Ke kin san zafin Garwa a Maris da Afrilu, da yadda yara ke fitowa daga aji leɓe a bushe. Ko randuna ne da mai cika su, sadaka ce.

Wannan aikin ki ɗora shi a hannun Yaya Babba, shi ya jagoranta, shi ya je makarantar. A can zai haɗu da malaman da suka yi aiki da ita da matan da ta koyar, su ba shi labarin uwarsa da bakinsu. Ki tafi da littafi ki rubuta abin da suka faɗa, ki ce wa 'yarki ita za ta riƙe biron.